Yadda ake kai wa 'yan ajin naziri kayan ƙwalam

A makarantun naziri da yawa yanzu, ko ba daɗe ko ba jima sai rana ta zo kan uwa ta kai wa aji gaba ɗaya abin taɓawa. Wani lokaci fatin ƙarshen zango ne, wani lokaci yaro ne ya ƙara shekara ko ya haddace wasu surori ana so a yi masa 'yar walima, wasu makarantun kuma raba wa iyaye kwanaki suke yi, kowa da ranarta. Karon farko da abin ya zo kaina, 'yata tana da shekara uku. Na cika jaka da gugguru da gyaɗa, na ƙara da aya da alewa da biskit, na kai ina murna. Antin ajin ta ɗauki biskit ɗin, ta mayar mini da sauran cikin ladabi. Raina ya sosu a ranar, ba zan ɓoye ba. Da aka tashi ta zaunar da ni ta yi mini bayani, sai na gane cewa abin da mu manya muke watsawa a baki muna hira, ga ɗan shekara uku yana iya zama sanadin ajali. Daga ranar na canza tsari, kuma shi ne zan shimfiɗa miki a nan daki-daki.

Mataki na farko: ki fara da Anti, kafin kasuwa

Kwana huɗu ko biyar kafin ranar, ki samu malamar ajin ido da ido. Saƙon WhatsApp yana da amfani, amma akwai abin da ba za ta rubuta a zauren iyaye ba, musamman larurar ɗan wani.

Ki tambaye ta yara nawa ne a ajin, har da waɗanda ba su cika zuwa ba. Ki tambayi shekarunsu, domin ɗan shekara biyu da ɗan shekara biyar ba abu ɗaya suke iya taunawa ba. Ki san ƙarfe nawa ake fita tara, tunda duk da sunan, ba kowace makaranta ce ke fita ƙarfe tara ba, wasu sai goma ko goma da rabi. Sannan ki ji dokar makarantar: akwai waɗanda ba sa karɓar abincin da aka dafa a gida sai na cikin leda mai hatimi, akwai kuma waɗanda suka hana lemon kwalba kwata-kwata. Idan murnar ƙarin shekara ce, ki tambaya ko makarantar tana yarda, domin akwai gidajen da ba sa yin wannan bikin, kuma 'ya'yansu suna cikin ajin. Ba sai an kai kek mai kyandir ba. Ana iya raba abin a matsayin kyauta kawai, kowa ya ci hankali kwance.

Tambaya mafi nauyi ita ce: akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar wani abinci? Mu kan ce borin jini, likitoci su ce alaji. Abubuwan da suka fi tayar da shi a yara su ne gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, alkama, waken suya da riɗi. Ki lura da yadda waɗannan suke ɓuya a girkinmu. Gyaɗa tana cikin ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙulin yana cikin yajin tsire da na gurasa, kuma man gyaɗa na gida da muke suya da shi yana iya tayar wa mai larurar. Awara waken suya ce. Kantu riɗi ne. Kek da donat suna ɗauke da ƙwai da madara da fulawa a lokaci guda. Ga yawancin yara abin bai wuce ƙuraje da ƙaiƙayi ba, amma wani sai leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya yi wuya cikin 'yan mintuna. Idan akwai irin wannan yaron, abin da na fi so shi ne a cire sinadarin daga abincin kowa. Ware masa nasa daban ba ya wadatarwa, domin yara suna miƙa wa juna hannu a faranti, ba ruwansu.

Ki kuma tambaya game da masu sikila da masu ciwon sukari. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya a aji. Mai sikila yana bukatar ruwa sosai, iyaye da dama kuma ba sa so a ba shi mai tsananin sanyi. Ba kya bukatar sanin sunan yaron. Ya isa Anti ta ce miki akwai.

Mataki na biyu: abubuwan da ba za su shiga jakar ba

Nan ne nake so ki ɗan tsaya da ni. Hanyar iskar ƙaramin yaro siririya ce, ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba sosai. Yana da haƙoran gaba masu gutsura, amma bai gama ƙwarewa wajen niƙa abu da turame ba sai wajen shekara huɗu. Tarinsa ma ba shi da ƙarfin da zai fizgo abin da ya maƙale. Ga shi kuma a aji yake, ana dariya, ana tsalle, wani yana ja masa riga. Abu ƙarami, mai tauri, mai zagaye, mai santsi, shi ne abokin gaba.

Saboda haka ga 'yan ƙasa da shekara biyar ki bar gyaɗa soyayya ko dafaffiya, ki bar gugguru, ki bar aya, ɗanya ce ko busasshiya. Ki bar alewa mai tauri, da mai tsinke, da cingam, da gullisuwa, da carbin malam. 'Ya'yan itatuwanmu masu ƙwallo irin su magarya, kanya, ɗinya da aduwa ba na ajin naziri ba ne. Cincin mai taurin nan da ake yi wa biki shi ma a ajiye shi. Nama mai jijiya, ganda, kilishi da kifi mai ƙaya duk ba wurinsu ba ne nan.

Akwai kuma waɗanda ba laifi a kai su, sai dai a gyara. Dabino a cire ƙwallon a yayyanka. Inabi, idan an samu, kada a ba da shi ɗungurungum; a tsaga shi a tsaye gida huɗu, domin girmansa da santsinsa daidai yake da toshe maƙogwaro. Karas a dafa shi ya yi laushi a yanka a tsaye siri-siri, ba zagaye kamar kwabo ba. Tuffa a fere a yanka fale-fale. Lemon zaƙi a cire 'ya'yan. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk abin da yaro zai jefa a baki gaba ɗaya kada ya wuce kimanin santimita 1, kuma in iya murƙushe shi tsakanin yatsuna biyu.

Kada ki soke 'ya'yan itace da tsinken sakace don ado. Kada ki saka balan-balan a cikin ƙullin kayan da za ki raba wa yaran, fasasshen balan-balan yana daga cikin abubuwan da suka fi shaƙe yara. Idan makarantar tana da sashen jarirai kuma za a kai musu, ki tuna ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma.

Wata za ta ce ai mu da aya da gyaɗar muka tashi, ga mu nan da ranmu. Gaskiya ne, Allah ne Ya tsare. Amma a gida uwa ɗanta ɗaya take kallo. A aji Anti ɗaya ce, wataƙila da mai taimaka mata, a kan yara ashirin ko talatin, kuma yaron da ya shaƙe da gaske ba ya iya kuka balle a ji shi.

Mataki na uku: abin da za ki kai

Abu uku sun isa: mai ɗan riƙe ciki, ɗan itace, da ruwa. Cikin yaro ƙarami ne, kuma uwarsa ta sa masa abinci a kwando, wani abincin yana jiransa a gida. Naki ƙari ne kawai.

A ɓangaren mai riƙe ciki, ƙananan wainar shinkafa suna karɓuwa sosai, ko ba miya yara suna ci. Alale a ƙananan gwangwanaye ba tare da yaji ba yana da kyau, haka ƙosai mai laushi, haka dafaffen dankalin Hausa da aka yayyanka, haka dafaffen ƙwai da aka raba huɗu idan babu mai larura. Ki rage attarugu ƙwarai ko ki bar shi gaba ɗaya. Abin da ɗanki ya saba da shi ɗan wata bai saba ba. Dafa-duka da soyayyar shinkafa ban cika ba da shawararsu ba sai in za a ci nan take, domin dafaffiyar shinkafa ba ta son jira a cikin zafi.

Wanda na fi yi shi ne ƙananan fanke, saboda ba ƙwai ba madara a ciki, kuma ba ya cin kuɗi. Ga aji mai yara ashirin da biyar, ki tankaɗe fulawa rabin kilo, wato kusan kofi huɗu. Ki zuba yis babban cokali ɗaya, sukari rabin kofi, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi kamar kofi biyu, kina zubawa kaɗan-kaɗan har ƙullin ya yi laushi yana bin hannu amma bai tsinke ba. Ruwan ya zama mai ɗumin da za ki iya wanke wa jariri fuska da shi, domin mai zafi yana kashe yis. Ki buga sosai, ki rufe, ki ajiye a wuri mai ɗumi. Da bazara minti arba'in da biyar ya isa ya ninka, da hunturu yakan kai awa ɗaya ko fiye. Ki ɗora mai a wuta matsakaiciya, ki gwada da ɗigon ƙulli. In ya taso sama da sauri ba tare da ya ƙone ba, man ya yi. Ki riƙa ɗiba da cokali kina sakawa ƙanana, za ki samu wajen hamsin, kowane yaro biyu. Ki fasa guda ɗaya ki duba cikinsa ya nuna, domin fanke mai danƙon ciki yana cuɗewa a baki. Ga 'yan shekara biyu zuwa uku ki raba kowanne gida biyu ko huɗu kafin ki ƙulla. In an ce akwai mai larurar gyaɗa, ki yi suyar da wani man, a kaskon da aka wanke tas.

A 'ya'yan itace, ayaba ce sarauniya: tana da laushi, tana zuwa da rigarta. Ki wanke ta da ɓawonta, ki bar ɓarewa sai a aji don kada ta yi baƙi, rabi ya ishi kowane yaro. Kankana da gwanda suna biye, a cire 'ya'yan, a yanka ƙanana. Lokacin mangwaro, daga Maris zuwa Mayu, nunanne marar zare ya yi.

Sai abin sha, inda muka fi yin kuskure. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abincin yaro ya wuce giram 25 a yini, wato kamar cokali shida. Kin ga kwalba ɗaya ta haura kason yini guda, tun ba a taɓa kek ba. Jus na kwali ma yawancinsa ruwa ne da sukari. Ni ruwa nake kaiwa. Idan ranar fati ce ana son abu mai launi, zoɓon gida da aka tafasa da abarba, aka rage sukari da citta, rabin ƙaramin kofi ya wadatar. Kunun aya kuwa, duk daɗinsa, ba ya jure zafi, cikin 'yan awanni yake juyawa, don haka na daina kai shi. Nonon da ba a tafasa ba shi ma kada ya je.

Mataki na huɗu: lissafi da cefane

Ki ɗauki yawan yaran ki ƙara biyar. Wani zai zubar da nasa, wani ƙanen ɗan aji zai leƙo, sannan ga Anti da mai taimaka mata da baba mai gadi, waɗanda bai kamata a ci a gabansu a hana su ba. Ki yi daidai ƙarfinki. Wannan ba gasa ba ce, kuma uwar da ranarta ke biye da taki tana kallon abin da kika kai. In kika yi almubazzaranci kin ɗora mata nauyi. Idan aljihu ya yi ƙasa, ku haɗu ku biyu ko uku, wata ta ɗauki fanke, wata ayaba, wata ruwa.

Sari ya fi sauƙi. Mu a Kano, 'ya'yan itace sai 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, kayan kwali da fulawa kuma kasuwar Singa. Kowane gari yana da irin nasa. Ayaba ki saya kwana biyu kafin ranar, wadda ba ta gama nuna ba. Duk abin da ke cikin leda ko kwali, har ruwan, ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa da idonki. Kwalin da ya kumbura ko biskit ɗin da ledarsa ta huje ki mayar.

Mataki na biyar: daren jajibiri da safiyar ranar

Da daddare ki wanke kula da robobi da wuƙa da faranti da sabulu, ki kife su su bushe. Ki auna kayan haɗin ki rufe komai ruf, saboda ɓera. Ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa, musamman da rani. Amma kada ki yanka kankana ko gwanda da dare kina dogara da firji, domin in aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya ba za ki san awa nawa suka yi cikin ɗumi ba.

Girkin na safiya ne. Ki kwaɓa fanke bayan sallar asuba, kafin ki gama shirya yara ya tashi. Ki ɗaure kanki, ki yanke farce, ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa ashirin, ki sake wankewa duk lokacin da kika taɓa waya ko kika share wa yaro hanci. Ki wanke 'ya'yan itace da ruwa mai tsabta kafin wuƙa ta shiga, domin wuƙar ce ke jan dattin ɓawo zuwa ciki. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su kada su kusanci wurin. Idan kika wayi gari da gudawa ko amai, ki ba wata ta yi, ko ki sayi ayaba da biskit kawai. Da damina, lokacin da kwalara ke yawo, wannan ba abin wasa ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Mai sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, mai zafi sama da digiri 60. A watan Afrilu da zafinmu ke kai digiri 40, ki mayar da awa biyun nan awa ɗaya. Ma'ana, in tara ƙarfe goma ce, kada ki ba yaro alale ya tafi da shi ƙarfe bakwai. Ki kai da kanki wajen tara da rabi, ko ki aika babba. Mai zafi a kularsa, 'ya'yan itace a wata kular da ƙanƙara a ƙasa. Fanke ki bar shi ya sha iska kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi ya saki.

Mataki na shida: ƙullawa

Kowane yaro da nasa ƙullin, kuma duka iri ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya. Wannan ƙaramin abu ne a idon babba, amma a naziri shi ne komai. Jan kofi guda ɗaya a cikin shuɗaye ya isa ya tayar da kuka a aji. Ɗanki ma kada ki fifita nasa, ko da ranarsa ce. In akwai wata kyauta ta musamman, ta jira shi a gida. Akwai yaran da ke zuwa da kwando cike, akwai masu zuwa da gayan burodi, kuma ranar rabon nan ce kaɗai suke cin abu ɗaya. Ni wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin da muhimmanci.

Ƙananan robobi masu murfi sun fi leda, domin leda tana wahalar kwancewa, yara kuma suna hura ta ko su tauna. Ki rubuta a takarda abin da ke cikin abincin, fulawa, sukari, yis, irin man da kika yi amfani da shi, ki miƙa wa Anti. Ki haɗa da tishu, da sabulu, da babbar ledar zuba shara.

Mataki na bakwai: a cikin aji

Da kin isa, ki miƙa wa Anti ragama. Ita ta san wanda ke cusa abinci da yawa a baki, da wanda sai an lallaɓa. Ke mai taimako ce. A jera yara a wanke musu hannu da sabulu, ana zuba ruwa da buta, ba kowa ya tsoma a roba ɗaya ba. A zaunar da su a tabarma ko kujera, a yi addu'ar cin abinci yadda makarantar ta saba, sannan a raba. Ba a ci a tsaye, ba a ci ana gudu, ba a sa su waƙa da abinci a baki. Wanda ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Ki ajiye wayarki a jaka ki sa ido a bakunan yara. Hoton 'ya'yan mutane kuma ba a ɗora shi a intanet sai da izinin iyayensu.

Ki san abin yi idan yaro ya shaƙe. Matuƙar yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska tana wucewa, ki bar shi ya ci gaba da tarin kina tsaye a kansa. Kada ki ɗura masa ruwa, kada ki zura yatsa kina lalube, kina iya tura abin ciki. Idan ya yi shiru, ba tari ba murya, yana riƙe wuya, leɓensa yana canza launi, ki sunkuyar da shi gaba kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau biyar da ƙarfi. In bai fito ba, ki durƙusa a bayansa, ki dunƙule hannu ɗaya a saman cibiya ƙasa da ƙashin ƙirji, ki riƙe da ɗayan, ki danna ciki zuwa sama sau biyar. Ki riƙa maimaita biyar da biyar, a lokaci guda wani ya nemo abin hawa ko ya kira lambar gaggawa ta 112. Ko abin ya fito, yaron da aka danna wa ciki a kai shi asibiti a duba. Jaririn da bai kai shekara ba ba a danna masa ciki. Bayan bugun baya, ƙirjinsa ake dannawa da yatsu biyu. Wanda fuskarsa ko leɓensa ya fara kumbura bayan cin abinci kuwa, asibiti kai tsaye, a kira iyayensa a hanya.

Bayan an gama

Ki taya kwashe robobi da share wurin kafin tururuwa da ƙuda su taru, a sake wanke wa yara hannu da baki. Abin da ke cikin leda mai hatimi da ayabar da ba a ɓare ba, ki bar wa Anti ta san yadda za ta yi da su. Yankakkiyar kankana da alalen da suka wuce lokacinsu kada a zuba wa yara a kwando su tafi da su gida, domin kafin a tashi sun ƙara awa biyu ko uku a cikin jaka. Ƙullin yaron da bai zo ba, in fanke ne ko biskit, a ba yayansa ko maƙwabcinsu ya kai masa. Washegari ki tambayi Anti ko wani ya yi ciwon ciki ko ƙuraje, da abin da suka fi ci da wanda suka bari, ki rubuta a bayan littafin cefanenki saboda zango mai zuwa.